Falmaran da Duwatsu Goma Sha Biyu: Nazarin Fassarar Tufafin Haruna cikin Hausa

Cikin Littafin Fitowa, sura ta 28, akwai bayanin tufafin da aka umarci Musa ya sa a ɗinka wa ɗan'uwansa Haruna domin hidimar ibada, an kuma maimaita bayanin nan kusan kalma da kalma a sura ta 39. Wannan sura tana cikin wuraren da suka fi ba masu fassara wahala a kowane harshe, domin cike take da sunayen tufafi da rini da duwatsu waɗanda masu su suka shuɗe tun shekaru dubu biyu da suka wuce. Hausa ta daɗe da karo da ita. Wani ɗan mishan Bajamushe, J. F. Schön, wanda ya ƙara iliminsa na Hausa a bakin Dorugu, yaron da Barth ya tafi da shi Ingila, ya buga fassarar Fitowa cikin shekara ta 1859. Littafi Mai Tsarki dukansa ya fito da Hausa cikin 1932, aikin da Dokta Miller na Zariya ya ɗauki mafi yawan nauyinsa. Daga baya, a ƙarshen shekarun 1970, aka buga sabuwar fassara, ita ce kuwa za a duba a nan. Abin da ake nufi shi ne a ga inda Hausa ta ɗauki nauyin surar da ƙarfinta, da inda aka hana ta ɗauka alhali tana iyawa.

An zaɓi a auna fassarar da kunnen mutumin Haɗejiya, ba kuwa don son kai ba. Ƙasar Haɗejiya ƙasa ce marar dutse. Kogin da ya taso daga tuddan kudancin Kano, da zarar ya wuce wajen Wudil sai ya rabu da ƙasar duwatsu ya shiga rairayi da laka, ya bazu cikin fadamu har Nguru da Gashuwa. Mutumin Dutse ko Birnin Kudu yana buɗe ido ya ga fā a bayan gida, amma na Haɗejiya da Auyo da Kirikasamma, duk dutsen da ya riƙe a hannunsa baƙo ne, wani ya ɗauko shi daga wani wuri ya sayar. Saboda haka sunayen duwatsu a bakinsa sunayen kasuwa ne, sun zo tare da fatake a kan hanyar Kano zuwa Barno, daga baya kuma cikin jirgin ƙasan da ya bi ta Malam Madori ya isa Nguru a 1930. Halin Bani Isra'ila ke nan game da duwatsu masu daraja. Ƙasarsu tana da dutsen gini a wadace, amma na ado sai an kawo daga Masar da Sina'i da ƙasashen gabas, kuma da yawa daga cikin sunayen da suke kiransu da su aro ne. Mai fassara da ya gane wannan ya sami rabin hanyarsa.

Ga abin da surar ta siffanta, a taƙaice. Akwai riga ta ciki ta farin lilin, da abin ɗamara, da shuɗiyar riga wadda aka jera wa ƙararrawa ta zinariya da siffar 'ya'yan rumman a bakinta na ƙasa. A kan wannan ake ɗora abin da Ibraniyawa ke kira efod, wanda aka saƙa da zaren zinariya da zare mai launi uku da lilin, yana da kafaɗu biyu, a kowace kafaɗa akwai dutse ɗaya da aka zana wa sunayen kabilu shida. A ƙirji kuma ake ɗaura hoshen, wani ƙyalle da aka ninka biyu ya zama kamar jaka, tsawonsa taƙi ɗaya faɗinsa taƙi ɗaya, an kafa masa duwatsu goma sha biyu, jeri huɗu, uku uku, kowane dutse da sunan ɗaya daga 'ya'yan Yakubu. Cikin ninkin ake sa Urim da Tummin, abin da ake neman hukunci da shi. A kā akwai naɗi, a goshin naɗin kuma an ɗaura wani allo na zinariya mai rubutu.

Wajen tufafi masu fassara sun yi ƙarfin hali, kuma sun cancanci yabo. Efod suka kira falmaran. Kalmar nan ta shigo Hausa daga Larabcin Tarabulus da Tunas, inda har yau ake kiran 'yar shara marar hannu mai ado da sunan da ya yi kama da wannan, kuma Larabawan Gadamas mazauna Kano ne suka saba kawo irinta. Bahaushe da ya ji falmaran ya san abu uku nan take: ba ta da hannu, a kan wata riga ake sa ta, kuma kayan manya ce, ba ta talaka ba. Duk ukun sun dace da efod. Inda suka rabu shi ne falmaran a gaba take buɗewa, alhali efod gabanta ne wurin aikinta, domin nan ake ɗaura hoshen da zobba da igiyoyi. Wannan ƙaramar asara ce idan aka gwada da ribar. Da an bar kalmar efod kamar yadda Turawa suka bar ta a Ingilishi, da mai karatu bai san ko hula ce ko takalmi ba.

Naɗin kā kuwa suka kira rawani, kuma babu wata kalma da ta fi wannan. Asalin kalmar Ibrananci daga aikatau ne mai ma'anar naɗewa, kamar yadda Hausa ke cewa naɗi. Amma rawani ya zo da kaya mai nauyi a bayansa, ya kamata malamin da ke karantar da surar ya san abin da ɗalibinsa ke ji. A Haɗejiya rawani shi ne sarauta. Ana cewa an naɗa wane, ko an tuɓe wa wane rawani, ba a bukatar ƙarin bayani. Tarihin garin ma ya koya wa mutanensa cewa mai ba da rawani da alkyabba shi ke da iko a kan mai sa su. Sarki Buhari ɗan Sambo ya hau gadon Haɗejiya cikin 1848, Sakkwato ta tuɓe shi cikin 1850 ta naɗa ɗan'uwansa Ahmadu, shi kuwa ya dawo da ƙarfin yaƙi cikin 1851 ya zauna har mutuwarsa a 1863 ba tare da yardar Sarkin Musulmi ba. Muhawarar da ake yi a kansa har yau, gindinta tambaya ɗaya ce, ko rawanin da mutum ya naɗa wa kansa rawani ne. Cikin watan Afrilu na 1906 kuma, bayan Sarki Muhammadu ya faɗi a yaƙin da ya yi da Turawa a cikin birninsa, sai naɗin ya koma hannun Nasara, suka ƙara masa sanda.

Wanda ya san wannan ba zai sha wuyar fahimtar labarin tufafin Haruna ba. Littafin Ƙidaya ya ce da ajalin Haruna ya zo, a kan Dutsen Hor Musa ya tuɓe masa tufafin ya sa wa ɗansa Ele'azara, da haka muƙamin ya ƙaura. Bayan shekaru masu yawa Yusufus, masanin tarihin Yahudawa wanda ya gama babban littafinsa wajen shekara ta 93 bayan haihuwar Annabi Isa, ya ba da labarin yadda Sarki Hirudus, daga bisani kuma gwamnonin Rum, suka riƙa kulle tufafin babban firist a cikin hasumiyar Antoniya da ke jikin Haikali, ba a fito da su sai salla ta gabato, in an gama a mayar. Sai wajen shekara ta 36 gwamnan Sham, Bitaliyus, ya sake su. Rumawa ba su yi imani da tsarkin rigar ba, amma sun gane cewa wanda ya riƙe ta ya riƙe mai ita. Hakimin ƙasar Haɗejiya na zamanin Turawa ba ya bukatar a fassara masa wannan dabara.

Sai dai fa kamancin yana da iyaka, kuma a nan ake zamewa. Sarki ba firist ba ne, liman ma ba firist ba ne. Musulunci bai san wani gida da aka keɓe wa hadaya ta gado ba, bai kuma san rigar da in babu ita ibada ba ta karɓuwa ba. Liman yana iya ba da salla da kowace tufa mai tsarki. Shi ya sa masu fassara suka rasa kalmar Hausa ga kohen na Ibrananci, suka ari firist daga Ingilishi. Larabci yana da 'yar'uwar kalmar, watau kahin, Kiristocin Larabawa kuma da ita suke amfani, amma malamin zaure a Haɗejiya in ya zo kan kahin cikin karatu boka yake fassarawa, saboda haka ƙofar nan a rufe take. Har wa yau shari'a ta hana maza sa zinariya da tsantsar alharini, kuma Abdullahi ɗan Fodiyo ya zargi mutanen zamaninsa da son tufafin ƙawa cikin Tazyinul Waraƙat. Ɗalibin da ya tashi cikin wannan tarbiyya, in ya karanta labarin riga mai zaren zinariya, abin da zai fara gani shi ne alfahari, ba tsarki ba. Idan ana neman wurin da Hausawa suka san tufa ta zama sharaɗin hidima, sai a duba kayan bori, inda kowane iska yake da irin shigarsa. Amma wannan misali ne na nazari kawai, ba wanda zai so a shigar da shi cikin fassara.

Launuka uku na zaren sun fito da kyau: shuɗi da shunayya da mulufi. Biyu na farko Ibraniyawa daga dodon koɗin Bahar Rum suke samunsu, na uku daga wani ƙwaro da ke manne wa itace, Hausawa kuwa daga baba da shuni a marina, mulufi kuma jan ulu ne da aka riƙa kawowa ta hamada a da. Hanyar rinin ta bambanta, amma ido abu ɗaya yake gani, kuma darajar ɗaya ce. Ba a bukatar a daɗe a nan.

Inda aikin ya raunana shi ne wajen duwatsu. Sunayensu na Ibrananci su ne odem, fitda, bareƙet. Nofek, saffir, yahalom. Leshem, shebo, ahlama. Tarshish, shoham, yashfe. Mai karatun Hausa kuwa abin da yake tararwa a nan, da kuma cikin Wahayin Yahaya inda aka sake jera irin waɗannan duwatsu a harsashin birni, galibi kalmomi ne irin su tofaz da beril da onis da ametis da saffir da yasfa. Waɗannan Ingilishi ne da aka sa wa hular Hausa. Ingilishin kuma daga Latin ya karɓa, Latin daga Girkanci, Girkanci daga fassarar da Yahudawan Iskandariya suka yi wa Attaura cikin ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Watau sunan ya bi ta hannu huɗu kafin ya iso Haɗejiya, kuma a kowane hannu ya canja ma'ana ba tare da ya canja sauti ba, wanda shi ne mafi haɗarin irin canji, domin ba a lura da shi.

Saffir shi ne misali mafi bayyana. Dutsen da Girkawa da Rumawa ke kira da wannan suna, marubutansu sun siffanta shi da shuɗi mai ɗigo-ɗigon zinariya. Wannan siffar lazaward ce, dutsen da ake haƙowa a Badakshan ta ƙasar Afganistan, wanda Masarawa da mutanen Babila suka yi ta saye tun kafin zamanin Musa. Saffir na yau wani dutse ne dabam, mai haske kamar gilashi, mai tauri ƙwarai, irin wanda ake haƙa a tudun Mambila da kudancin Kaduna, dillalan Jos kuma suke saye. A 1932 kalmar ba ta nufin kome ga Bahaushe, ba ta kuma cutar da shi ba. Yau tana nufin wani abu, abin da take nufi kuwa kuskure ne. Haka yahalom, wanda tsofaffin fassarorin Ingilishi suka mayar daimon, har Ibranancin zamani ya bi su. Surar ta ce a zana suna a kan kowane dutse, masu sana'ar zamanin nan kuwa ba su da abin da zai yi wa daimon zane. Tofaz ma haka: dutsen da Girkawa suka kira da wannan suna kore ne mai ratsin rawaya, daga wani tsibiri na Bahar Maliya wanda Larabawa ke kira Zabarjad, ba tofaz na masu awon duwatsu na yau ba.

Binciken da aka yi a baya-bayan nan ya bi ta wata hanya, watau ta asalin kalmomi da abin da aka tono a ƙasa. Harrell da Hoffmeier da Williams sun buga nazari a kan wannan cikin 2017, suka haɗa ilimin harshe da na duwatsu. Ra'ayin da ya fi ƙarfi a tsakanin masana shi ne nofek daga kalmar Masarawa ce ta fairuz, dutsen da Fir'aunoni ke haƙa a Sina'i. Leshem daga sunan wani koren dutse na Masar. Ahlama kuma daga sunan wani jan dutse marar haske, ko da yake Girkawa sun mayar da shi ametis mai launin shunayya, malaman Yahudawa na tsakiyar zamani kuwa suka danganta shi da mafarki saboda kamar sautinsa da kalmar da Larabci ke cewa hulm. Shebo da yashfe suna da 'yan'uwa cikin harshen Babila. Odem daga tushen ja ne, kusan kowa ya yarda shi ne dutsen da Larabawa ke kira aƙiƙ. Abin lura a nan shi ne yawancin duwatsun ba masu ƙyalli ba ne irin na kantin zinariya. Duwatsu ne masu kauri, masu launi mai zurfi, waɗanda ake gogewa a huda ko a zana. Da wata kalma, irin duwatsun da ke wuyan tsofaffin matan ƙasar Hausa ne.

Hausa tana da rumbu biyu na sunayen duwatsu masu daraja, kuma ba su haɗu ba. Rumbu na farko na malamai ne: yakutu da lu'ulu'u da murjani, waɗanda Alƙur'ani ya ambata, da zumurrudu da zabarjadi waɗanda suka zo ta littattafai da waƙoƙin wa'azi masu siffanta Aljanna. Waɗannan suna da kwarjini, amma in aka cire murjani, yawancinsu ba su da jiki. Almajirin da ya rera yakutu sau dubu ba zai iya nuna shi a faifai ba, lu'ulu'u kuwa ya zama sunan duk abin da ke walƙiya, daga na cikin teku har daimon har ƙwallon gilashi. Masu fassara sun ɗebo kaɗan daga wannan rumbu, kamar yakutu da zumurrudu, sun kuwa sami kwarjinin. Amma zumurrudu na gaskiya bai yawaita ba sai zamanin Girkawa da Rumawa a Masar, saboda haka bareƙet, wanda sautinsa ke tuna wa mai Larabci da barƙ, watau walƙiya, ya fi kyau a ɗauke shi koren dutse kawai.

Rumbu na biyu na kasuwa ne, na 'yan koli da dillalai mata, kuma shi aka ƙyale. A Hausa kalmar dutse kanta tana nufin abin wuya. In mace ta ce duwatsuna, ba na niƙa take nufi ba. Akwai tsakiya, dutsen wuya mai tsada na dangin aƙiƙ. Akwai talhatana, abin rataya mai kusurwa uku da zobe a kansa, wanda Hausawa da Buzaye suka sani. Arkell ya nuna cikin 1936 cewa irin waɗannan kaya daga Kambay ta ƙasar Indiya ake sassaƙo su, alhazai da fatake su kawo, daga baya kuma masu sana'ar Idar-Oberstein a Jamus suka kwaikwaya suka cika kasuwannin Afirka da nasu. Akwai lantana, jan dutse marar haske wanda a da fataken Hausa suka riƙa ɗaukowa daga wajen Kwara ta sama su kai Ilori, inda aka riƙa hudawa a goge, har sunan ya zama sunan mata. Idan ahlama jan dutse ne marar haske kamar yadda asalin Masarancinsa ya nuna, to lantana ne, ko ɗan'uwansa na jini. Idan odem aƙiƙ ne, shebo kuma mai ratsi-ratsi na danginsa, to tsakiya tana tsaye a bakin ƙofa tana jira. Ga kalmomi masu jiki, waɗanda tsohuwa a kasuwar Haɗejiya za ta faɗi launinsu da nauyinsu da kuɗinsu, an bar su an ɗauko onis da ametis.

Ana iya kawo hujja a kan wannan, kuma hujjar ba ta banza ba ce. Za a ce tsakiya da lantana kayan mata ne, kayan lefe, in aka sa su a ƙirjin Haruna an rage masa girma, har yara su yi dariya a aji. Za a kuma ce sunan kasuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya, domin ɗan koli yana kiran na gilashi da na roba da sunan na gaske. Amsar ta farko ita ce a duniyar Bani Isra'ila ma waɗannan duwatsu na wuyan mata ne da zobban maza. Abin da ya keɓe na Haruna shi ne wurin da aka kafa su da abin da aka rubuta a kansu, ba irinsu ba. Fassarar da ta sa su zama baƙin abubuwa daga wata duniya ta ƙara wa surar wani abu da babu shi a cikinta. Amsar ta biyu kuwa, sunan da ke yawo tsakanin dutse biyu ko uku masu kama da juna ya fi sunan da ba ya nuna kome. Gaskiyar da ke cikin hujjar ita ce kalmomin suna tsufa. Zinariyar Makka da Dubai ta kori tsakiya daga lefe, 'yan mata da yawa a yau sun san Lantana sunan goggonsu ne kawai. Wannan kuwa dalili ne na gaggauta rubuta su. Bargery, cikin ƙamusunsa na 1934, ya riƙa sa alama a kan kalmomin da ya ji a Haɗejiya da Katagum da Gumel. Ɗaliban kwalejin horon malamai da ke zuwa hutu a waɗannan garuruwa suna iya ɗorawa daga inda ya tsaya, su zauna da masu sayar da duwatsu su rubuta suna da launi da inda aka ce dutsen ya fito.

Akwai kalma guda wadda ta fi duk sunayen duwatsun muhimmanci, Hausa kuma ta yi sa'a da ita fiye da Ingilishi. Surar ta maimaita cewa zanen sunayen ya zama irin zanen hotam. Hotam na Ibrananci da khatam na Larabci asalinsu ɗaya, daga na Larabcin kuma Hausa ta sami hatimi. Bahaushe ya san hatimi ta fuska biyu. Na ɗaya shi ne tambarin da sarki ko alƙali ke bugawa a kan wasiƙa, wanda ke tsayawa a madadin mai shi. Wasiƙun da suka riƙa kai da kawowa tsakanin Sakkwato da sarakunan gabas da shi ake gane su. Na biyu shi ne zanen gidaje-gidaje da malami ke yi a takarda, ya cika kowane gida da suna ko harafi ko adadi, sa'an nan a ninke a kai wa baduku ya ɗinke cikin fata ya zama laya. To, a dubi hoshen da wannan ido: abu mai kusurwa huɗu, ninkakke, mai gidaje goma sha biyu, kowane gida da suna, da wani abu ɓoye a cikinsa, ana ratayawa a ƙirji. A dubi kuma allon zinariya mai rubutu a goshin rawani, a tuna da layun da ake ɗaurawa a rawunan sarakuna da hulunan mayaƙa. Fassarar ta kira hoshen ƙyallen maƙalawa a ƙirji, wanda bayani ne mai gaskiya amma marar rai, kamar a kira alkyabba mayafin da ke da hula. Ba abin mamaki ba ne 'yan mishan su guji kalmar laya, tun da yaƙi da ita suke yi. Amma ɗalibin Haɗejiya zai yi wannan gwaji a zuciyarsa ko an so ko ba a so, gara malaminsa ya riga shi.

In an yi gwajin sai bambancin ya fito, kuma bambancin shi ne ma'anar surar. Laya rubutunta a ɓoye yake, ba a buɗe ta, kuma mai ita take tsarewa. Hoshen rubutunsa a fili yake, sunayen da ke kansa kuma ba na mai sa shi ba ne, na jama'ar da ke tsaye a waje ne, waɗanda ba su da izinin shiga inda yake shiga. Kalmar da surar ta yi amfani da ita ga aikin duwatsun ita ce zikkaron, 'yar'uwar zikiri, watau tunawa. Haruna yana ɗauke da kabilun a kafaɗa da ƙirji ya shiga da su. Ta wannan fuska hoshen ya fi kusa da hatimi na farko, na wasiƙa, inda suna ke wakiltar mutum a wurin da ƙafarsa ba ta kai ba. Abin da ke ɓoye cikin ninkin, Urim da Tummin, shi ne ya fi kama da laya, shi ne kuma ya fara ɓacewa: littattafan Yahudawa sun yarda babu shi a Haikali na biyu, Yusufus ma ya ce duwatsun sun daina haskawa shekara ɗari biyu kafin ya yi rubutunsa.

Idan za a sake duba surar, ga abin da ya fi dacewa. A bar falmaran da rawani da launukan nan uku yadda suke. A riƙe hatimi duk inda hotam ya zo, kada a musanya shi da zane ko tambari don gudun maimaici. Odem da shebo a nemo musu suna daga dangin tsakiya, ahlama a gwada shi da lantana, fitda a ba shi zabarjadi wanda malamai suka sani, nofek kuma fairuz. Saffir a cire shi, a ce shuɗin dutse mai ɗigon zinariya, ko da ya tsawaita jimla. Yashfe ya riga ya zama yasfa, kuma sautinsa ya ratso Girkanci da Latin da Ingilishi ya iso Hausa bai yi nisa da na asali ba, sai a ƙyale shi. Tarshish da shoham da yahalom kuwa, waɗanda masu fassara tun na Iskandariya ba su daidaita a kansu ba, har fassarar Girkanci ta ba shoham sunaye dabam-dabam a wurare dabam-dabam, a rubuta su da sunansu na Ibrananci, a sa ɗan bayani a gindin shafi cewa tarshish sunan wata ƙasa ce ta fatauci a bakin teku, dutsen kuma sunan ƙasar ya ci.